Inna Mai Miƙa Murfin Allura

"Ruwa ne."

"Ruwa ne? Kai ka ɗura shi a kwalbar?"

"Ba ni na ɗura ba, amma ke kin san wanda ya ɗura. Malama, matsa mini daga gaban injin iska, ina da aiki."

"Yau kuma Malama na zama? Shekara ashirin kana ce mini Inna."

"Wadda nake ce wa Inna ba ta yi wa mutane wasan kwaikwayo."

Babana ke nan, mai faci a bakin titinmu, da matar da ke yin allura a ƙaramin asibitin unguwarmu. Lokacin annobar korona ne, ba a daɗe da kawo rigakafi ba. Tana tsaye da kular rigakafi rataye a kafaɗa, takunkumi ya rufe mata hanci da baki. Shi yana tsugune a kan taya, nasa takunkumin a ƙarƙashin haɓa, inda ya saba zama. Mutum bakwai ne a kan bencin shagonsa, babu wanda ya ce mata sannu. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Zan dawo gobe."

Ya ce, "Ki dawo jibi ma."

Ta dawo goben. Ta dawo jibin.

Makon jiya ta yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar a ɗaki ɗaya. Ni ban iya yabo ba. Abin da na gani zan faɗa, da abin da waɗanda suka girme ni suka gani.

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa asibiti, kafin mai shara. Ba ta ajiye jaka sai ta je wurin firji. Ta buɗe shi kaɗan, ta duba ma'aunin sanyi, ta rubuta a takardar da ke manne a ƙofarsa. In ta tarar an ɗauke wuta, ba ta jiran kowa. Ta kwashe kwalabe ta jera a kula, ta zagaye su da robobin ƙanƙara. Sai ta goge tebur, ta fito da katunan yara, ta rataye sikelin jarirai wanda aka ɗaure ƙugiyarsa da waya tun kafin a haife ni. Ɗakin benci biyu ne, da kwali mai ruwan ɗorawa na zuba allurai, da tagar da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda.

Tana da dabara guda. In yaro ya fara tsala ihu, sai ta ɗaga kai ta ce, "Laa, dubi kyanwa a sama!" Kafin ya sauke ido ta gama. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya taɓa neman kyanwa a silin ɗin ɗakin nan. Babu kyanwa. Ba a taɓa yin ta ba.

Katin kowane yaro yana kanta. Takan tare mace a tsakiyar kasuwa ta ce, "Ke, allura ta biyu ta wuce da kwana tara, ina jiranki Talata." Mace ta sunkuyar da kai, Talata ta zo. Ba tsoronta ake ji ba. An dai san ba ta taɓa sa wa ɗan wani abin da ba za ta sa wa nata ba. Wannan yardar ita ce duk abin da ta tara a aikin gwamnati. Ita ce kuma ta zube a rana ɗaya.

Da rigakafin ya iso, aka ce a fara da manya don talaka ya gani ya saki jiki. Aka zaɓi asibitinmu. Aka yi masa fenti ta gaba kawai. Ɗan majalisarmu ya zo da motoci huɗu da masu ɗaukar hoto. Aka sa masa kujera a fili, ya naɗe hannun riga. Inna ta zuƙi magani a sirinji. Sai mai riƙe masa jaka ya sunkuyo ya raɗa mata cewa ranka ya daɗe ba ya son a soke shi a gaban jama'a, kada ya yamutsa fuska a hoto. A ɗauka a haka, da murfin, sai a shiga ciki a yi ta gaske. Ta dubi shugaban asibiti. Shugaban asibiti ya dubi ƙasa, ya gyaɗa kai. Ta ɗora allurar a damtsen da murfinta, ta kare da yatsu. Aka yi tafi. Ta shige ɗaki tana jiransa. Ta taga ta hango motoci huɗun suna fita.

Da yamma hoton ya shiga wayoyi. Wani ya buɗa shi da yatsu biyu, ya ga shuɗin murfi ya leƙo ta tsakanin yatsunta. Ya zagaye shi da jan layi, ya rubuta "Mai Murfi" a ƙasa, ya tura wa abokai. Ni ne wanin. Na gama sakandare, an rufe komai, ina zaune da waya ba abin yi. Ba ƙarya na tura ba, murfin yana nan. Amma sunan da na rubuta nata ne, ba nasa ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san daga ina nake magana.

Kafin mako ya zagayo, ba rigakafin kaɗai aka bari ba. Mutane suka ce in allurar ƙarya ce, to takunkumin ma ƙarya ne, wanke hannun ma haka. Bokitin da aka ajiye a ƙofar kasuwa ya bushe, aka mayar da shi na zuba shara. Motocin haya suka koma cusa mutane kan mutane. Yara suna bin ta a hanya suna "Mai Murfi! Mai Murfi!" Matan da ta yi wa 'ya'yansu allura suka daina kawo jarirai ko ranar awo. Wannan ya fi komai ci mata rai. Benci biyun nan suka yi kwana da kwanaki babu kowa, ita kuma kullum sai ta goge su.

A cikin waɗannan kwanakin telan da ke kallon shagonmu, abokin Baba tun suna samari, ya yi kwana huɗu yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya, ya rasu. Baba ya ce zazzaɓi ne. Sau uku ya faɗa a rana ɗaya, babu wanda ya tambaye shi. Baba yana da ciwon suga. Inna ta sani, don ita take gwada shi.

Sai na bayyana abin da ya sa take zuwa shagonmu. A unguwarmu ana jin rediyo, amma ba shi ake bi ba. Likita zai yi magana da safe, wani babba ya yi da rana, kowa ya ji, kowa ya jira a zo bencin mai faci a ji abin da aka yanke. Duk direban da ke bin titin nan sai tayarsa ta kawo shi wurin Baba. Abin da ya ji a nan shi zai faɗa wa fasinja, fasinja ya kai gida. Baba ba ya da muƙami, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Amma shekara talatin bai taɓa cewa taya ta mutu ba alhali za ta gyaru, kuma an san shi da haka. In ya ce ruwa ne, to ruwa ne. Inna ta fahimci wannan kafin masu motoci huɗu.

A ofis an ba ta mafita. Aka ce ta ce hoton haɗi ne, aikin 'yan adawa ne. Ta ƙi. A rana ta huɗu da fara zuwanta shagonmu, ta ajiye kula a ƙasa, ta fuskanci benci.

"Murfin yana nan," in ji ta. "Hoton gaskiya ne. Ni na riƙe allurar, ban soke shi ba. An ce mini hoto ne kawai, za a yi ta gaske a ciki, na yarda. Na yi kuskure. Ba maganin ne ya yi muku ƙarya ba, ni ce."

 'Yan benci sun shirya wa musu, ba su shirya wa wannan ba.

Can wani direba ya ce, "To ai shi ke nan, kin faɗa da bakinki."

"Na faɗa. Gobe ma zan faɗa."

Baba ya ajiye guduma. "Ni tambaya ɗaya gare ni. Mutumin da likitoci suke cin abinci a gidansa ya ga allurar nan ya gudu. Me ya sani da mu ba mu sani ba?"

"Abin da ka sani ranar da ƙusa ta huda maka ƙafa, na fito da allura ka sume mini a kan benci. Tsoro ne, Malam. Babu wani sirri."

Benci ya fashe da dariya. Wani har da buga cinya.

"Yunwa ce," in ji Baba. "Ban karya ba ranar."

"Da mayafina na yi maka fifita."

"Na ce yunwa ce!" Ya tashi tsaye, fuska a ɗaure. "To ji nan. Ranar da na ga kin cire murfin kin soke wancan mutumin da idona, ranar zan miƙa miki hannu. Kafin nan kada ki ƙara tare mini ƙofar shago."

"Na ji," in ji ta. Ta ɗauki kularta.

Rigakafin yana da ƙa'ida. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce. Da zarar an huda ta, awa shida gare ta, abin da ya rage bayan haka zubarwa ake yi. Don haka ba a buɗewa sai mutum goma sun taru. Kwalaben firjinta kuma suna da ranar lalacewa, tana matsowa. Mako uku Inna ta yi tana bin gidaje bayan an tashi aiki. A kowace ƙofa da abu ɗaya take farawa: murfin yana nan, na yi kuskure. Wasu suka rufe ƙofa. Wasu suka ba ta ruwa suka ce sai sun yi shawara. Wata ta watsa ruwan wanke-wanke kusa da ƙafarta ta ce ba ta gan ta ba.

Mutum tara ta samu. Mijinta, tsohon malamin firamare mai dogara sanda. Tsofaffin mata uku. Mai sharar asibiti. Mai kayan miya da 'yarta. Direba ɗaya, wanda ya roƙe ta kada benci ya sani. Na tara ni ne. Ba jarumta ba ce, kunya ce.

Direban bai samu abin da ya roƙa ba, don ba a asibiti ta yi ba. Ranar Laraba da safe ta sa aka ɗauko ƙaramin tebur aka kafa a inuwar da ke fuskantar shagonmu. Ta wanke hannu a gaban kowa. Ta buɗe kula ta miƙa wa Baba.

"Zaɓi."

"Ni me ya dame ni?"

"Kai ka ce akwai ta manya akwai ta talaka. Sa hannu ka zaɓa."

Ya sa hannu can ƙasa ya ciro ɗaya, ya ɗaga ta ga rana, ya juya ta, ya miƙa. Ta duba agogo, ta rubuta a jikin kwalbar: ƙarfe tara. Mijinta ya fara zama. Ta ɓare sabon sirinji, ta cire murfin allurar, ta sa masa a tafin hannu ta danƙe masa yatsu a kai. Sannan ta zuƙa, ta soke shi a fili, ba ta kare da komai ba. Haka ta yi wa kowa. Murfi a hannunka tukuna, sannan allura.

Da na zauna ban iya kallon idonta ba. Ta sa mini murfin a hannu ta ce, ƙasa-ƙasa, "Na ji ka iya jan layi. Shi ma wannan ka zagaye shi ka tura."

Ashe ta sani. Ba ta ƙara ta da maganar ba har yau.

Da ta gama da mu tara, ta ɗaga kwalbar. Saura na mutum ɗaya. Ta mayar da ita kula ta rufe.

"Malam, ga ta goma. Ka ce sai ka gani da idonka. Taso mu je."

Baba bai yi tsammanin haka ba. Amma benci yana kallonsa. Ya rufe injin, ya hau babur. Muka bi su, mu kusan ashirin, mafi yawa don a je a yi dariya.

Ƙarfe goma muka isa ƙofar gidan ɗan majalisa. Mai gadi ya leƙo ya ce yana taro. Inna ta ce za ta jira. Ta zauna a kan dakalin jikin katanga, ta ɗora kular a cinya, ta lulluɓe ta da mayafinta don rana, ta bar kanta da ɗankwali kawai. Babu inuwa a wurin. An sare bishiyoyin don a ga gidan da kyau.

Sha ɗaya. Sha biyu. Wasu suka gaji suka tafi, wasu masu wucewa suka tsaya. Wajen ƙarfe ɗaya mai riƙe jaka ya fito, ya zo ya sunkuya a kunnenta kamar yadda ya yi a wancan karon. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ɗaga murya.

"Jama'a, ya ce in shigo ni kaɗai a sake wani hoton a ciki, ku kuma a sallame ku."

"Haba Hajiya, ba haka na ce ba."

"To maimaita da ƙarfi yadda ka ce, ɗana. Kunnena ya tsufa."

Ya koma ciki ya ja ƙofa.

Ƙarfe biyu. Gumi ya jiƙa mata takunkumi, ta canza wani. Baba yana zaune a kan baburinsa a tsallaken hanya, ya daina barkwancin da ya zo da shi. Uku saura kwata ta duba agogo ta kira shi.

"Malam, saura minti goma sha biyar. Kana so?"

"Ba tawa ba ce. Tasa ce."

Ba ta matsa ba. Ƙarfe uku daidai ta buɗe kula, ta ciro kwalbar, ta ja mata layi biyu a giciye da biro, ta sa ta a wata leda daban ta ƙulle. Ta fara naɗe mayafinta. A lokacin ne wani mai tura baro ya zagayo ta bayan gida ya ce ai motar mai gidan ta fita ta ƙofar baya tun ɗazu.

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya sauko daga babur, ya tsallako hanya yana naɗe hannun riga.

"To yi mini. Awa biyar kina cikin rana, ba za a yi asararta ba."

"Lokacinta ya wuce."

"Minti bakwai fa, Inna!"

Na lura ya ce Inna. Ita ma na san ta lura, amma ba ta nuna ba.

"Ko minti ɗaya ne."

"Ni na ce ki yi. Jikina ne. Wa zai sani?"

"Haka aka ce mini ranar hoto." Ta rataya kular. "Sau ɗaya na yi abin da na san ba daidai ba ne don babban mutum ya matsa mini. Ka ga inda ya kai mu. Ba zan yi na biyu ba don kai. Ka kawo mini mutum tara, kai na goma, in buɗe sabuwa a gabanka."

Wata guda tana neman hannun nan. Ga shi a naɗe a gabanta, gaban shaidu, ta juya ta bar shi. Baba ya tsaya a tsakiyar hanya da hannun riga ɗaya a sama har ta sha kwana.

 Da muka koma shago Baba ya zauna ya daɗe yana kallon rufaffiyar ƙofar tela. Sannan ya sa yatsa ya jawo takunkuminsa daga haɓa zuwa kan hanci. Wani direba ya buɗe baki zai yi tsokana, Baba ya ce, "Matar da ta ƙi sa mini na minti bakwai ba za ta sa mini ruwa ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin magariba an ji shi har ƙarshen layin motoci.

Washegari da ta iso da teburinta ta tarar ya jera tsofaffin tayoyi a gefen titi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku uku, kowace da mutum tsaye a cikinta. Talatin ne cif, har da shi. Ya ƙirga su da kansa don kada kwalba ta yi saura. Wanda ya fita daga tayarsa don yin hira, Baba ya daka masa tsawa ya koma.

Shi ya fara zama. Ta sa masa murfin a hannu. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Ka karya yau?" in ji ta.

"Sau biyu."

"To ba zan ce maka ka dubi kyanwa ba. Dubi allurar, don ka ba da labari."

Ya duba. Ya runtse ido. "Wallahi gara kyanwar."

Bai sume ba. Ko ya yi niyya, tayoyi ashirin da tara suna kallonsa.

Ba zan ce kowa ya zo ba. Akwai waɗanda har yau suke cewa ruwa ne, kuma in sun kawo jikokinsu awo tana gaishe su kamar kowa. Amma kwalaben firjinta ba su lalace a ciki ba. Bokitin ƙofar kasuwa ya koma aikinsa, direbobi suke karɓa-karɓa wajen cika shi. Wata Talata na wuce ta gaban asibiti na ji ihun jarirai har titi. Ban taɓa zaton wannan ƙarar za ta yi mini daɗi ba.

Sakamakon da ta samu daga sama takardar gargaɗi ce: ta fita da kayan aiki ba izini, ta tozarta babban mutum. Da aka zo ƙarin girma aka tsallake ta, aka sake tsallake ta. A matakin da take ranar hoto, a nan ta yi ritaya. Takardar tana cikin durowar katunan yara, ta naɗe ta huɗu tana tokare durowar da ita don kada ta riƙa zamewa. Ɗan majalisa kuwa, har yau ban san ko ya yi allurar ba. Hotonsa yana nan a bangon ofishin shugaban asibiti. An yanke shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, don kada hannun ya fito.

Inna, yanzu da ke nake.

Ke ce kika tsaya a gaban mutanen da suka tsane ki kika ce na yi kuskure, alhali an ba ki ƙaryar da za ki ɓuya a bayanta. Ke ce kika lulluɓe kula kika bar kanki a rana. Ke ce kika ƙi hannun da kika fi kowane hannu bukata, saboda minti bakwai. Manya sun yi ta magana a rediyo cewa a yarda da su. Ke ba ki taɓa cewa a yarda da ke ba. Murfi kika sa mana a hannu kika ce mu duba. Uwar katuna, mai kyanwar da babu. Babana yana da rai, yana faci, yana faɗa da kowa kamar da. Ban san abin da zai faru ba da kin yi fushi kin zauna a ɗakinki, kuma kina da dalilin yin fushin. Ni na ba ki dalilin. Ki yafe mini a gaban mutane, tunda a gaban mutane na yi. Na gode. Unguwarmu ta gode. Allah ya ba ki lafiyar da kika tsare wa 'ya'yan wasu.

Ku kuma da kuke riƙe da wani abu da jama'a suka dogara da shi, ko allura ce, ko alli, ko sitiyari, ko makirufo, ku sani ana kallon hannunku, ba bakinku ba. Ranar da kuka yi kuskure, ku je inda aka fi jin haushinku ku faɗa da bakinku. Ku koma gobe. Ku koma jibi. Haka ta yi, kuma mun gani ya yi aiki. Annoba za ta sake zuwa, ko wannan ko wata. Ba fenti za ta tarar ba, mu za ta tarar.

Bikin sallamarta a ɗakin nan aka yi, a kan benci biyun, sauran mutane a tsaye har waje. Ba a yi dogon jawabi ba. Da aka ce Baba ya yi magana a madadin unguwa, ya tashi ya laluba aljihu, ya ciro shuɗin murfin nan, duk baƙin mai ya dafe shi, ya ajiye a kan teburinta. Ya ce, "Ajiyarki." Ya zauna. Sai na ga wasu ma suna laluba aljihu da bakin zane. Mai kayan miya ta ajiye nata. Direban nan ya ajiye nasa. Ban san mutane sun adana ba. Na zaci ni kaɗai ne.

Inna ta daɗe tana kallon tulin. Sannan ta tashi ta ɗauko kular, ta ajiye a gaban 'yan mata uku da aka turo su gaje ta, sababbin fitowa daga makaranta, fararen kayansu ko ninkin guga bai baje ba. Shugaban asibiti yana zaune a gefe da takardar jawabinsa. Ta nuna musu ma'aunin firji, ta nuna musu tagar da ake cusa wa takarda. Sannan ta yi tambaya ɗaya, tana kallonsu, tana kallonsa, tana kallonmu.

"Gobe in babban mutum ya naɗe hannun riga, aka sunkuyo aka ce muku hoto ne kawai, wa zai cire murfin?"